Tamanin da Huɗu a Hanyar Tafki

Qatar ba ta da abin da za a kira dutse. Ni da na tashi a Jos, inda ko coci za ka sai ka hau tudu, na yi shekara shida a Doha ban hau abin da ya wuce matattakalar asibiti ba. Ita ma matattakalar na daina hawanta bayan korona ta kwantar da ni.

Nas ce ni. A ɗakin masu korona aka sa ni lokacin annobar, kuma a ɗakin nan na kwanta da kaina, kwana goma sha ɗaya da robar iska a hanci. Na warke, aka sallame ni. Likitanmu, wani Bakano mai tsokanar tsiya, ya ɗauki hoton ƙirjina har sau biyu, ya ce, "Sista, huhunki ya fi nawa kyau, je ki yi aikinki." Na ce to, amma ban yarda ba. Na sayi oksimita tawa ta kaina, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar da ke cikin jini. Da safe in auna, a bas in auna, in faki idon mutane a wurin aiki in auna. Kullum casa'in da bakwai ko da takwas, kullum kuma sai in ce gobe ne za ta faɗi.

Ina da dalilina. Akwai wani magini da na yi jinya, yana zaune a gado yana waya da matarsa har da dariya, na'ura na nuna tamanin da biyar. Ya ce mini lafiyarsa lau, in ƙyale shi. Bayan kwana biyu na shimfiɗa wa wani gadon nan. Tun daga ranar na daina yarda da abin da jiki ke faɗa, nawa ko na wani, lamba kawai na sani. Tsoro ya ci ni har na rubuta takardar barin aiki na sa a jaka, ina jira a gama gasar ƙwallon duniya in miƙa, don a lokacin an hana kowa motsi.

Wadda muke ɗaki ɗaya da ita a gidan ma'aikata na Al Gharrafa 'yar Nepal ce, ita ma nas, 'yar firit da ita, sai baki. Didi take ce mini, wato yaya. Ita ta ga takardar tana neman almakashi a jakata.

Ta ce, "Didi, kafin ki miƙa ki bi ni gida. Akwai tafki can saman ƙauyenmu, kwana ɗaya ake yi a hanya. In ƙirjinki ya kai ki, ki yaga takardar. In bai kai ki ba, ni zan raka ki ofis."

Na ce, "Ke, kashe ni kike so ki yi?"

Ta ce ko na mutu ai a hannun nas na mutu. A ƙarshe dai na yarda.

Lokacin gasar, a wata rumfar jinya kusa da filin wasan Lusail aka ajiye mu, muna manna filasta a ƙafafun 'yan kallo. Yayanta yana gadin wani dogon bene a unguwar, shi ya riƙa buɗe mana matattakalar baya in mun tashi aiki, don mu saba da hawa. Mu cika jaka da gorunan ruwa mu goya, tana gaba tana "Yalla, didi, mu je," ina baya ina tsine mata a zuci. Duk hawa biyar sai na tsaya na auna. Takalmin hawa kuwa a kasuwar Asian Town na saya, ya ci ƙafata sosai kafin mu saba.

Sai watan Afrilu muka samu hutu, muka tafi Nepal. Mun yi kwana huɗu a ƙauyensu don jiki ya saba da sama, ran na biyar muka kama hanya da sassafe. Ba wani abin a zo a gani a tafiyar: hawa ne kawai, daga cikin itatuwa zuwa gajerun ciyayi, daga nan sai tsakuwa da iska mai sanyi. Ƙawata ta sa na yi alkawari ba zan taɓa na'urar ba sai mun isa masauki. Na cika alkawarin, amma hannuna bai bar aljihun ba.

Da la'asar sakaliya muka isa wata bukkar dutse inda matafiya ke kwana. Wata tsohuwa ce ke riƙe da ita. Ta ba mu shayi mai gishiri da man shanu, na kurɓa don kunya kawai. Ina zama na zaro na'urar na maƙala. Tamanin da huɗu.

Kai! Na canza yatsa, tamanin da huɗu. Ban ga bukka ba, ban ga dutse ba, maginin nan kawai nake gani da wayarsa. Na miƙe na saɓa jakata na ce mu sauka yanzu-yanzu.

Ƙawata ta ce, "Rana ta kusa faɗuwa. Hanyar da kika hau da ƙyar da ido biyu, ita za ki sauka a duhu?"

Na balbale ta da faɗa. Na ce ita ta jawo ni, ta san abin da lambar nan take nufi, tare muka tura masu irinta ɗakin gobe-da-nisa. Ta karɓi na'urar ta sa a nata yatsan, ta juyo mini da ita: tamanin da biyar. Daidai nan tsohuwar ta shigo da damin itace a baya, tana mita da yarensu. Ƙawata ta kama hannunta ta maƙala mata. Tamanin da bakwai. Allah ya sani, saura kaɗan in ce a kwantar da matar nan a nemo tukunyar iska. Ita kuwa ta fizge hannunta ta je ta hura wuta.

"A Doha kika koyi lambarki, a bakin teku," in ji ƙawata. "Nan iskar ce ba ta da yawa, ba ke ba ce. Kanki na ciwo? Zuciyarki na tashi? Taka mini layin nan in gani."

Na taka, ƙafa gaban ƙafa, kamar yadda muke sa marasa lafiya. Ta sa kunne a bayana ta saurara. Ta ce in akwai ko ɗaya daga ciki da ita za ta fara cewa mu sauka, amma babu. Na san gaskiyarta ce, mun karanta wannan a makaranta, tsoro ne ya shafe mini shi. Na ji kunya ƙwarai. Na ci shinkafa da miyar wake kwano biyu, na kwanta da takalmina a ƙafa don kar a ce ban shirya ba.

Gari na wayewa muka ci gaba. Awa uku muka yi, taku goma a tsaya, taku goma a tsaya. Muna zagaya wani ƙaton dutse sai ga tafkin, shuɗi, shiru, gefensa duk ƙanƙara. Bai kai girman da na zata ba. Na zauna a bakinsa ina haki, na cire safar hannu na maƙala na'urar. Ta yi ta ƙyaftawa, ta ƙi nuna komai, yatsuna sun yi sanyi da yawa. Na gwada duka goman.

Ƙawata ta leƙo ta ce, "Khalas, shi ke nan, didi. Na'ura ta ce kin mutu. Wa zan bai wa takalmin?"

Na yi dariya har da riƙe ciki, dariyar da na shekara biyu ban yi irinta ba, don ko dariya a auna nake yinta. Ina cikin yi sai na lura ƙirjin nan da na yanke wa ƙauna shi ya hawo da ni, shi ke dariyar, kuma bai nemi izinin kowa ba. Daga nan sai kuka, na yi mai isata, ita kuma ta juya baya tana ɗaukar hoton tafki.

A hanyar sauka na bar wa tsohuwar na'urar, ƙawata ta koya mata yadda za ta duba matafiyin da ya zo da ciwon kai. Takardar kuwa da ita aka hura wutar shayinmu.

Safiyar farko a Al Gharrafa, ina farkawa hannuna ya kai gefen gado yana lalube. Ba komai a wurin. Na ɗan zauna ina jin numfashina yana shiga yana fita, sannan na tashi na sa kayan aiki. Ɗakinmu a hawa na shida yake a asibiti, ranar ban jira lif ba.