Koci Bello, wanda suka ce ba shi da alƙibla

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago labari ya iso ni, Koci Bello ya rasu a Bagudo.

Har yanzu na kasa karyawa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya horar da ƙungiyar ƙwallonmu lokacin ina gola. Ya yi zama a ƙetaren iyaka, can Benin, inda ya koyo yoga wurin wani mai horar da 'yan wasa. Miƙa jiki ce da sarrafa numfashi, iyakarta ke nan.

Na buɗe waya na ga hotonsa ko'ina, wai "mun yi rashin gwarzo". Sai da na ja tsaki. Masu rubutawar su ne suka hana shi sakat yana raye.

Bari in tuna muku, tunda kanku ba ya riƙe abu.

Da ya fara sa mu miƙa kafin tirenin, gabas muke kallo don kada ranar yamma ta shiga idonmu. Mu duƙa, mu kai goshi kusa da ƙasa. Sai aka ce ya ƙirƙiro sabuwar salla marar alwala. Bai yi musu ba, ya juya mu yamma muna shan rana a ido. Sai aka ce ai ga shi nan, tunda Benin yamma take da mu, gumakanta yake sa yara suna yi wa sujada.

Alhaji Tukur, ciyaman ɗin ƙungiya, mutumin da tumbi ya hana shi ganin yatsun ƙafarsa, ya tsaya a gabanmu ya ce, "Wanga mutum ba shi da alƙibla, ba mu son shi nan." Aka kore shi. Yau rubutun Alhaji ya fi na kowa tsawo, har da ɗan hoton hawaye.

Mu da muka yi wasa a hannunsa mun san abin da muka samu. Ɗaurewar jijiya ta yi mana sauƙi, ciwon cinya ya ragu, mukan kai ƙarshen wasa da sauran numfashi. Har dattawan Kaoje da noman shinkafa ya lanƙwasa suna zuwa gidansa a ɓoye ya koya musu.

Bayan korarsa na faɗi da baya a wani wasa. Ruku'u ya gagare ni, a zaune nake salla. Cikin shugabannin ba wanda ya leƙo. Koci ne ya riƙa zuwa da kekensa, ya shimfiɗa tabarma a zaurenmu. In na yi gaggawa sai ya ce, "Sannu sannu, ƙanena. Jiki ba a yi mai tilas, lallashinai aka yi."

Abin da kuka kira bautar gumaka shi ya maido ni sahu, goshina a ƙasa.

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwar Lolo ne, ya rame, yana cinikin kifi. Ya matsa kafaɗata ya ce, "Ta yi tauri. Ka bar miƙa ko?" Na tambaye shi ko maganganun nan na damunsa har yanzu. Ya ce, "Bar su. Wanda nika yi ma salla ya san inda nika kallo."

Wani ma ya rubuta ɗazu wai da yoga magani ce da bai mutu ba. Kai da ba ka yi, sai mu gani ko za ka dawwama.

Abin da ke ci mini rai 'ya'yansa ne. Har yau a unguwa ana ce musu 'ya'yan mai bautar yamma. Ba hoton hawayenku suke buƙata ba. Ku je gabansu, a bainar jama'a yadda kuka faɗa, ku ce ƙarya kuka yi wa ubansu.

Bayan Azahar za a yi jana'iza. Alhaji, na san za ka kutsa sahun gaba don a gan ka. To ka daure ka bi mu har maƙabarta. In an kwantar da shi, ka leƙa da kyau ka ga inda fuskarsa ke kallo.

Allah Ya jiƙan Koci Bello, Ya yalwata masa kabari, Ya wanke sunansa, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a da bakinsa kafin ya rubuta amin.