Dankure da kwatar marina

Ranar da Luba ta fita takabar mijinta Illo, zane ɗaya ya rage mata na shiga mutane, shi ma ya koɗe. Ta wanke ta shanya a kan darni, ta dawo ba ta gan shi ba. Bayan kwana uku aka jefo mata shi ta saman darnin, an rina, an buga, yana ta sheƙi. Ta ji muryar Dankure marini, kawun mijinta, daga waje.

"Na gaji da ganin tsummanga kullum in na wuce. Kar ki gode mani, ban da lokaci."

Haka Dankure yake. Alherinsa bai taɓa zuwa ba tare da faɗa ba. A marinar Argungu aka haife shi, a nan ya tsufa, hannuwansa shuɗaye har gwiwa. Ko a sahun masallaci ana gane shi da tafinsa. Ya iya rini, ya kuma iya mita, mutane har yau ba su daidaita a kan wanne ya fi iyawa ba.

Gonar shinkafar da Illo ya bar wa Luba tana fadama, daidai inda kwatar marina take zubowa. Ita ce abincinta da na 'ya'yanta biyu, ba ta da wata. Tun kakanni, idan ruwan rini ya mutu, kwarfe shi ake yi a zuba a kwatar. Laka ta ƙasan ramin, wadda suke kira katsi, a shanya ta, a ƙona, a mayar cikin sabon haɗi. Ganyen baba ne da toka, ba su taɓa cutar da shinkafar kowa ba.

Shekara guda bayan an sauke tutar Turawa, wani ɗan kasuwa daga Birnin Kebbi, Silvanus, ya fara kawo garin shuni na gwangwani da soda a duro. Haɗin da ake jira mako ya nuna, yanzu da safe a haɗa, da azahar a shanya. Hodi, shugaban marina, ya karɓa da hannu biyu, sauran suka bi. Kayan haɗin sun sake, amma hannunsu bai sake ba: mataccen ruwa a kwata, katsi a wuta, kamar yadda suka taso suka gani.

Hayaƙin ne ya fara tona abin. Wani irin fari ne mai yaji, ya shiga gidaje, mata na tari a bakin murhu. Daga nan shinkafar Luba ta bakin kwata ta yi ja, ta kwanta.

Luba ba mai magana ba ce. Ta duba, ta yi salati, ta ce Allah ya kawo sauƙi. Dankure kuwa ya iso ƙofarta da ƙwarya cike da matattun kwaɗi.

"Ɗiyata, fito ki gani!"

"Kawu, alwala gare ni. Don Allah kau da su."

"In kau da su? Cikin gonarki na tsince su. Ke kina nan kina jan tazbaha, ana dafa maki shinkafa tun tana tsaye!"

Ya kai ƙwaryar zauren Hodi ya ajiye masa a kan tabarma. Hodi ya ce kwaɗi dai kowace shekara suna mutuwa. Dankure ya ɗauki fartanya ya toshe kwatar da jar ƙasa. Hodi ya sa aka buɗe. Ya sake toshewa, aka sake buɗewa. Sau tara, Luba ta ƙirga, don kowane karo sai Dankure ya biyo ya ba ta labari tun daga farko, tana tsaye da tulu a ka.

Abin da ya fi ƙona mata rai, da sunanta yake yaƙin. A kasuwa, a bakin gulbi, a wurin suna: gonar marayun Illo, gonar marayun Illo. Matan marina suka daina amsa gaisuwarta, ita da ba ta ce da kowa komai ba.

"Kawu, ka bar ambatona," ta ce masa. "Ka sa ni bakin duniya."

"To sunan wa zan ambata, na kwaɗin?"

Wata ranar kasuwa ya tare Silvanus yana sauke kaya daga mota, ya riƙe masa hannun riga har marina, ya ce ya karanta rubutun jikin duron da ƙarfi. Silvanus ya karanta, ya goge gumi.

"Baba, gaskiya an rubuta kada ya taɓa ruwan sha ko na gona. Ni ban taɓa dubawa ba. Katsin ma, ku bar ƙona shi, hayaƙinsa guba ne."

"Kun ji ko?" in ji Dankure.

Hodi ya ce ya ji, amma masu rubutun ba su san girman gulbin Rima ba, kuma shi ba zai ɗauki ruwa a ka ya kai daji ba, yana da furfura. Katsin dai aka daina ƙonawa, don matar Hodi ma tari take. Kwata kuwa ta ci gaba da gudu, ja yana ƙara cin gonar Luba, ya kai rabi.

Da Dankure ya ga baki bai yi ba, sai ya koma ga abin da ya iya. A tudun bayan marina, nesa da fadama, ya haƙa rami mai faɗi, ya shafe cikinsa da laso, wato dahuwar tsohon katsi da ake shafe ramin rini da ita don kada ya yoyo. Ya karkatar da kwatar zuwa ciki, rana ta riƙa shanye ruwan. Kwana ashirin da shida yana yi shi kaɗai, yana zagin duk wanda ya wuce bai ce sannu ba, wanda ya ce sannu kuma ya tambaye shi ko sannu tana haƙa rami. Marina suka bi sabuwar hanyar, ba don sun yarda ba, don ta fi kusa da su. Rabin gonar Luba ya tsira.

Bayansa ne bai tsira ba. Ya kasa sunkuyawa a bakin ramin rini, 'yarsa ta aiko daga Augie a kai mata shi kafin damina. Ranar tafiya, jirgin kwale-kwale na jira, ya ƙi shiga sai da ya ja Luba har tudun. Ya nuna mata wani tsagi da ya yi a bakin ramin, taki ɗaya ƙasa da leɓe.

"In ruwan sama ya kawo shi nan, ambaliya za ya yi, ya gangaro gonarki. Hodi ba ya dubawa, na san shi tun yana tsirara."

"To ni mi zan yi, Kawu? Ni ko ɗiyana ban iya tsawata ma."

"Na sani, shi ya sa nika gaya maki tun yanzu, ki fara koyo. Kullum kin taso daga gona ki leƙa. Ranar da ya taɓa tsaginga, ki tafi zauren Hodi, kar ki tsaya sallama ta yi tsawo, kar ki durƙusa. Ki buɗe baki ki yi mashi ihu har ya fito da fartanya ya ɗaga bakin ramin."