Madubina a Jikin Motar Yaya Sule

Shekarar da rijiyar ƙofar gidanmu ta rufta, damina biyu kafin rasuwar maigidana, a nan ne yayana Sule ya sayo tsohuwar bas ɗin nan da duk kuka sani. Ya ciccire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, ya sa risho da buta da labule. Kwanuka yake sayarwa a kasuwannin Gaya da Kademi da Gafasa, kuma ya ce shi ba ya kwana a zauren kowa. Ɗakinsa na kan taya.

Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Kullum kafin ya tayar da mota sai ya zagaya ya kama madubin gefe, na dama da na hagu, ya girgiza kamar mai jan kunnen jika. In ya ji motsi, tafiya ta fasu. Ko gobara ake yi, in ka ce ya yi sauri, amsarsa ɗaya ce: "Saura ƙiris."

To maduban nan rawa suke yi, musamman na ɓangaren direba. Hanyar Gafasa ta gama kwance su. Bakanike ya gaya masa noti ne ya cinye, a sa sabo. Yaya ya ce notin da ya zo tun daga ƙasar Turawa bai gaji ba, sai a Ajingi zai gaji? Ya ɗaure da robar tayar keke, rana ta narkar da ita. Ya yanki igiyar gugana, wai ai rijiyar ta riga ta rufta.

Da babbar salla sai dabara ta zo masa. Ya hana a ba da fatar ragonsa, ya yanka ta siri-siri tana ɗanya, ya naɗe wuyan madubin. Gaskiya da ta bushe ta kama kamar ƙarfe. Ya yi ta yawo yana kiran mutane su zo su girgiza. Har gidan bakaniken ya je, ya ce masa ya ajiye sifana ya koyi jima.

Ruwan farko na sauka fata ta jiƙe ta saki. Ga wari. Ranar da ya je Balan, karnukan garin kaf suka rako shi, ya dawo yana cewa bai taɓa ganin garin da ke karrama baƙo haka ba. Yana salla suka gaigaye fatar, madubi ya faɗi ya tarwatse. Washegari ya yi ribas da ka, ya kwantar da dangar liman. Liman ya fito yana salati, Yaya ya leƙo ya ce dangar ce ta matso.

Ina gidan suna ya shigo ɗakina. Madubin aurena, wanda Inna ta sayar da tunkiyarta ta saya mini, mai katako a gefe, shi ya sauke daga bango. Ya kai wa mai walda a Gaya, aka yi masa gida na ƙarfe, noti bibbiyu, aka sa roba a ƙasa don kada ya jijjiga. Ni kuwa na zargi kowa a gidan, har kaji na harara. Sai ranar kasuwa na hango fuskata a jikin mota.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Aro na yi, Hanne. A ɗakinki ke kaɗai yake gani. Nan kuwa har Kademi ya je."

"Yaushe za ka dawo mini da shi?"

"Saura ƙiris."

Na kai ƙara wajen kawunmu, na yi fushi, na daina aika masa dambu. A banza. Madubin kuwa ga shi da faɗi, sai matan kasuwa suka mai da shi nasu. Wannan ta gyara ɗankwali, waccan ta sa kwalli, Yaya na zaune a kan sitiyari ba halin tashi. Kafin mace ta gama kallon kanta ya tallata mata langa. Ya ce mini tunda yake bai taɓa samun abokin ciniki irin madubina ba.

Bayan na fita takaba gwiwa ta kama shi, ya daina zuwa kasuwa. Ya kafe motar a gindin dalbejiyar da ke tsallaken gidana. Kullum da safe yana kujerar direba da kofin kokonsa, ya ba ƙofata baya. Na ce a raina kunya ce ta hana shi haɗa ido da ni, kuma ta yi masa daidai. In na fito shara har tari nake yi da gangan, ba ya waiwayowa.

Da Allah Ya yi wa Yaya rasuwa, bayan sadakar arba'in ɗinsa na aro sifana, na ce yau kayana za su koma ɗakina. Matarsa Ladi ta biyo ni. Noti ya ƙi motsi, na gaji, na hau kujerarsa in huta. Ina ɗaga kai sai ga ƙofar gidana a cikin madubi, tsaf, har da tsintsiyar da na jingine.

Ladi ta ce, "Tun da malaminki ya rasu ba ya kai kofi baki sai ya ga kin fito. Ran da kika makara, ni yake korowa, wai in zo aron gishiri."

Ni kuwa shekara da shekaru ina zagin Ladi a raina, mace kullum ba gishiri.

Na sauko na kama madubin na girgiza yadda yake yi. Ko gezau. Na mayar wa mai sifana kayansa.

Liman ya tafi, kawu ya tafi, bakaniken ma bara aka kai shi. Saura ni da Ladi, sai mai waldar Gaya da idonsa ya mutu. Mu ma saura ƙiris. Allah Ya jiƙan Yaya Sule, Ya haskaka kabarinsa, Ya dube shi da rahama kamar yadda ya dube ni ban sani ba. Madubin na yafe masa, har da igiyar gugan.