Ruwan Gishiri a Kwalbar Maganin Ido

Ni ɗan manoma ne daga Magami, kuma kada wani ya yi mini uzuri da talauci, domin gero bai taɓa yankewa a rumbunmu ba. Son a kira ni Likita ne ya kai ni aiki a wani kemis a Gusau. A can na haddace sunayen magungunan kashe ƙwayoyin cuta, na ido da na kunne da kafso.

Wata rana mai kemis ya ba ni kwalin maganin ɗigawa a ido, ya ce wa'adinsa ya wuce, in je in ƙone. Ban ƙone ba. Na goge kwanan watan da auduga da kananzir, na kai kasuwar Mada, kafin la'asar ya ƙare tas. Da na ga ba wanda ya tambaye ni komai, sai na bar aikin, na shiga tsintar kwalaben da aka yar ina ɗura musu ruwan gishiri. Kafso kuwa garin rogo nake cusa masa. Yau ina Tsafe, gobe ina Bungudu, da tire a kai da bakin da ba ya jin kunya.

Lokacin sussuka ne kasuwata ta fi ci, saboda ƙaiƙayi na faɗa wa mutane a ido. Haka wani dattijo daga Kwatarkwashi, Malam Garba, ya zo mini idonsa na hagu ya yi jawur yana zubar da mugunya.

Ya ce, "Ɗana, in tahi asibiti, ko wanga ya isa?"

Na ce, "Baba, asibitin mi? Shi ɗin nan za su ba ka can."

Sati uku yana dawowa, idon na ƙara rufewa, ni kuma ina ce masa dauɗar ce ke fita. Ya kira ni ɗansa, na dubi idon nan na yi masa ƙarya sau uku! Har yau in na tuna, haushin kaina ke kama ni.

Da 'yarsa ta matsa ta kai shi asibiti a Gusau, ƙwayar idon ta riga ta yi fari. Likita ya ce da maganin gaskiya aka ɗiga tun farko, da ido bai mutu ba. 'Yar tasa ce ta kai kwalbata ga hukuma. A tsakiyar kasuwar Bungudu aka kama ni, alƙali ya ba ni shekara uku.

Da na fito na tafi Kwatarkwashi, na durƙusa a gefen Malam Garba na hagu na nemi gafara. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Na yahe maka don Allah. Amma komo ta dama, nan inda kake ba ni ganinka."

Na tuba, amma tubata ba ta buɗe masa ido ba. Kuma har gobe irina suna nan suna yawo da tire, suna kiran abin neman halal. Halal ɗin gidan wa? Matasa, in ido ko kunnen naku ya kamu, ku kai shi asibiti. In kuma zuciya ta raya muku sana'ar nan, ku sani ni shekara uku na yi aka buɗe mini ƙofa. Malam Garba shi da rabin duhu sai kabari.