Tabon Maganin Tari

Shekara talatin yana wanki da guga a wani ɗan shago kusa da tasha, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai-tabo. Ka kawo masa riga, zai shinshina tabon, ya kankare shi da farce, ya faɗa maka abin da ka ci jiya ko ba ka tambaya ba.

Wannan sani daga matarsa ya samo shi, malamar kimiyya ce, shi ma Malama yake ce mata. Ita ta nuna masa cewa kowane abu da ruwan da ke narkar da shi: maiƙo sai kananzir, tawadar biro sai sifirit, gishiri da sukari kuwa ruwa kawai ya ishe su. Takan tsokane shi wai ɗalibinta ne mafi taurin kai, amma shi kaɗai ya ci abinci da darasin.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke ta. A safiyarta ta ƙarshe yana ba ta maganin tari a cokali, sai maganin ya zuba a gaban rigarta. Ta duba, ta yi murmushi da ƙyar.

"To gwani, ga aiki na bar maka."

Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Mutumin da bai taɓa barin tabo ya kwana ba, sai ga shi ya ninke rigar nan ya sa a ƙasan akwati. Kullum yakan buɗe, ya ɗora yatsa a wurin da ya yi ɗanƙo. Bai gaya wa kowa ba, kunya yake ji.

Bayan wata biyu yayarsa ta zo gyara masa ɗaki, irin matan nan da ba sa iya ganin datti su kau da kai. Ya dawo da azahar ya tarar da rigar a igiya tana ɗiga. Ya juya gabanta, ya ɗaga ta a rana. Fes. Maganin duk sukari ne, ya bi ruwa.

Yayar ta ce ko sabulu ba ta sa ba, kada ya ce ta ɓata masa yadi.

"Na sani, Yaya," ya ce. "Sannu da aiki."

Ya zauna a ƙarƙashin igiyar, ruwan na sauka a kafaɗarsa. Ranar ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne ta.