Gayyar Haladu

Shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, Haladu, wani manomin gero a Cadawa, ya shiga wata 'yar ƙungiyar Kirista da ba a yi wa shugabanta musu. Shugaban, da suke kira Uban Garke, ya naɗa shi Mai Kira: kowace Lahadi ya zo da sabon mutum, ko a tuɓe shi, 'yan ƙungiya su daina amsa gaisuwarsa.

Haladu ba mai baki ba ne, sai tsoro ya sa ya kira gayya. Maƙwabta suka zo da hauyoyinsu, suka sha noma. Suna cikin shan fura sai ga Uban Garke daga bayan gawo, ya hau wa'azi. Wa ya taɓa mai da gayya tarko? Suka ajiye ludayi, suka watse.

Lokacin maimai, wato noma na biyu, ciyawa ta rufe gonar, ya sake kiran gayya, ta gaskiya wannan karon. Matarsa Tani ta dama fura. Ya tsaya yana duban hanya har furar ta yi tsami. Gobe kuma Lahadi.