Fuskar Ɗan Farina

A gidanmu na Ƙofar Ran uwa ba ta kallon ɗan farinta ido cikin ido, ba ta kuma kiran sunansa. Kakarmu Bafulatana ce, ita ta bar mana wannan kunya, mu kuma muka riƙe ta fiye da yadda ita kanta ta riƙe. Da aka yaye yarona uwata ta ɗauke shi, ya girma a ɗakinta yana kirana Adda, yadda ya ji ƙannena suna kira. In zan aike shi sai in fuskanci bango in ce, "A ce wa wancan ya ɗebo ruwa." Na koyar da 'ya'yan mutane a firamare har na yi ritaya, na san mai tabo a goshi da mai giɓi a kowane aji, amma nawa sai dai in saci kallonsa ta gefen ido in zai wuce. Da gefen idon nan na ga girmansa duka, tun yana yawo da gajeren wando har ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya.

Da ya zama likita zaurenmu ya koma asibitin unguwa. Mai ciwon kai, mai ɗa da zazzaɓi, har wadda ciwonta bai wuce son a saurare ta ba, duk su zo su tsare shi kafin ya ci abinci. Ni kaɗai ce ban taɓa kai masa kukana ba. Yaya zan zauna gaban ɗan fari in ce nan ke yi min ciwo? Shi ya lura da kansa cewa na fara bugun ƙyaure da kafaɗa, ina ture butar da ke gefena. Bai ce min komai ba, ya san gidan da ya fito. Abokinsa ya turo, likitan ido, Kirista ɗan wajen Tafawa Ɓalewa da suka yi karatu tare, mai surutu kamar rediyo, wanda in ya zo sai ya cinye masar da na ajiye wa baƙi.

Abokin ya duba ni a asibiti ya ce, "Mama, hawan jinin ido ne. Daga gefe yake fara ci, yana matsowa tsakiya. Abin da ya ci ba ya dawowa, amma sauran za mu tsare shi, in dai kina ɗiga magani kina zuwa ina aunawa. In maganin ya gaza, aiki zan yi miki da hannuna."

Na riƙe wannan magana tasa da hannu biyu.

Bayan haka ne yaron ya zo wata ranar Juma'a ya durƙusa a bakin ƙofata. Ya ce ya samu aiki a Ingila. Ya yi ta jero dalilai kansa a ƙasa: aikin mutum biyar a kan mutum ɗaya, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, mara lafiya ya mutu a hannunka kana sane da abin da zai cece shi amma babu. Duk gaskiya ne, ina gani yadda yake ramewa. A raina ina cewa kada ka tafi, ban gaji da jin takunka a tsakar gida ba. Abin da bakina ya furta shi ne, "Ka gaya wa kawunka? To, Allah Ya sa alheri ne." Ina tsince shinkafa a faifai, ban ɗago ba har ya tashi.

Ya bar ni amana a hannun abokin nasa, shi kuwa ya riƙe. Sai wata rana ina zaune gaban na'urarsa ya ce shi ma ya samu aiki a Saudiyya.

Na ce, "Kai Kirista za ka riga ni zuwa Saudiyya? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Ya yi dariya ya ce zai aiko min da dabino. Na yi dariyar ni ma, amma a cikin keke na yi kuka har Ƙofar Ran. Ya miƙa ni hannun wata likita, yarinya mai sanyin hannu. Ban gama sanin halinta ba aka ce ta bi mijinta Kanada. Daga nan na daina tambayar sunan wanda zai duba ni.

Likita ɗaya ya rage a sashen. Mutane daga Ningi, daga Dass, daga Misau, mu cika benci tun da sassafe, wasu da sanda, wasu a riƙe da hannu. Wani lokaci a kai gare ka, wani lokaci a ce ka dawo wata mai zuwa, likita yana ɗakin tiyata. Ba na zaginsa. Na ga idonsa, ya fi nawa ja. Waɗanda nake jin haushi su ne matan unguwa masu cewa, "Ke uwar likita, me ya kai ki bin layi?" Kamar likitan a aljihuna yake. Zaure ya yi tsit, sai tabarmar da ba mai shimfiɗawa. Ban taɓa sanin gida yana da faɗi haka ba, kuma kaɗaici ya dame ni ƙwarai.

Yaron yakan kira ni a wayar nan mai hoto. Ni kuwa sai in ajiye ta a kan tabarma in zauna gefe, jikokina da ke can tare da shi suna ƙorafi cewa silin ɗakina kawai suke gani. Ya ce, "Adda, ya jiki? Ya idon?" In ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ya ce, "Ana dubawa?" In ce, "Ana dubawa." Bai taɓa matsawa ba, ni ban taɓa ƙarawa ba. Shi yana can ya saki jiki cewa amana tana hannu, ni ina nan duniya tana tsukewa, har ya zama in mutum bai tsaya gabana sosai ba ban san da shi ba.

Ranar da layi ya kai kaina, likitan ya daɗe yana haska idon. Ya ce na dama ya kusa tafiya, na hagu saura tsakiyarsa, kuma maganin ya daina riƙewa. Aiki ake bukata, amma masu jiransa suna da yawa, in da hali in nufi Kano.

Ya ce, "Mama, ba ki da wanda zai tsaya miki?"

Na ce, "Ɗana likita ne."

"A wane asibiti?"

"Ingila."

Ya ajiye biro ya murza fuskarsa, ya ce in gaishe shi. Na so in tambaye shi ko shi ma yana shirin tafiya, amma na ji tsoron amsar.

A hanyar gida ba makanta ce ta fi tsorata ni ba. Abin da ya tsaya min shi ne, gefen idon da nake kallon yaron nan da shi ya riga ya tafi, kuma in aka ce in faɗi kamannin fuskarsa ta gaba, ban sani ba. Ƙeyarsa na sani, da kunnensa, da yadda yake tafiya.

Da ya kira bayan La'asar, na ɗauki wayar daga tabarma na ɗaga ta daidai fuskata. Shi kuma da ya ga ina kallonsa sai ya sunkuyar da kai, yadda muka tarbiyyantar da shi.

Na ce, "Ɗago kanka."

Ya ɗago. Sai da na yi ta matsar da wayar hagu da dama kafin fuskar ta faɗo inda nake gani. Ashe furfura ta fito masa a gemu. Ashe hancin mahaifina ne da shi, ba wanda ya taɓa gaya min. Shi ma yana kallon yadda nake laluben sa, kuma likita ne, ba sai an yi masa bayani ba. Muryarsa ta canza.

"Adda, tun yaushe?"

Ya shiga magana da sauri, zai nemi hutu, zai kira wani a Kano, me ya sa ba a gaya masa ba, wa ke duba ni yanzu. Yana magana yana juya kai, fuskar tana ɓace min tana dawowa.

Na ce masa duk wannan mu bar shi sai gobe. Yanzu dai ya zauna waje ɗaya ya daina motsi, ban gama kallo ba.